Don Allah a taimaka: adon harshen Turanci ya sha mini kai

Wata ɗaliba, ajin ƙarshe na sakandare:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bana zan rubuta WAEC, kuma abin da ke tayar mini da hankali shi ne ɓangaren auna fahimta, inda ake ciro jimla a ce a faɗi adon harshen da ke ciki da abin da take nufi. Na haddace simile, metaphor, personification da hyperbole tsaf, amma da zarar an ajiye jimla a gabana sai kaina ya ɗaure. A gwajin makaranta an ba mu "The city never sleeps", na ce hyperbole, malam ya ce personification. Jiya kuma na ga "he met his Waterloo" a jarida, ban fahimci komai ba. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Wani malamin Turanci:
Wa alaikumus salam 'yata. Kina farawa ne da neman suna, alhali sunan shi ke zuwa ƙarshe. Duk jimlar da aka ba ki, fara tambayar kanki: abin nan zai iya faruwa a zahiri? Birni yana barci? A'a, mutum ke barci. To an ari halin mutum an ba abin da ba mutum ba, shi ne personification. Ba a ce babu zuzutawa, wato hyperbole, a jimlar ba, akwai, amma mai duba takarda yana neman dabarar da ta fi fitowa fili.

Idan an haɗa abu biyu da like ko as, kamar "as brave as a lion", simile ne. Idan an cire kalmar haɗin aka ce wannan shi ne wancan kai tsaye, "he is a lion", metaphor ne. Sai dai ki kula, ba duk like ke yin simile ba. "I like rice" son shinkafa ne kawai, kuma "he looks like his father" kama ce ta zahiri, babu ado a ciki. Yara da yawa na faɗuwa a nan.

Kuma kada ki bar rabin tambayar. Bayan suna ana tambayar ma'ana, kuma da kalmominki ake so ki faɗa, cikin Turanci mai sauƙi: a jimlar da aka ba ku, ma'anar ita ce birnin na cike da hada-hada dare da rana. Ko sunan ya kuɓuce miki, ki rubuta ma'anar.

Wata mai karatun Hausa a jami'a:
Ƙanwata, abin da Malam ya faɗa kin daɗe da saninsa, rigar Turanci ce kawai aka sa masa. Simile shi ne kamantawa, "fari kamar auduga". Metaphor siffantawa, kamar a ce "Audu zaki ne". Personification mutuntarwa, hyperbole kambamawa. Idan aka ce wane ya riga mu gidan gaskiya, ko wance na da juna biyu, sakaya zance aka yi don kunya ko tausasawa, su Turawa euphemism suke kiransa, shi ya sa suke cewa "passed away" maimakon "died". Har "ba laifi" da muke faɗa in abu ya yi kyau, su ma suna da "not bad", sunansa litotes. Ki buɗe littafi, kowane suna ki rubuta misali ɗaya na Hausa kusa da na Turanci. Wallahi ya fi hadda zama a kai.

Wani ɗan jarida:
Bari in ɗauki ta Waterloo. Wuri ne a ƙasar Beljiyam ta yau, inda aka ci Napoleon na Faransa da yaƙi a 1815, daga nan bai ƙara mulki ba. Don haka wanda ya gamu da Waterloo ɗinsa ya sha kayen da ba tashi. Irin wannan allusion ne, ishara ga tarihi ko tatsuniya ko littafin addini, kuma tunani ba ya fito da shi, sai an san labarin. Haka "Achilles' heel", daga labarin jarumin Girkawa da makami ba ya cin jikinsa sai a diddige, ma'ana lagon mutum.

Tunda kina karanta jarida, ki lura da kanun labarai. "Aso Rock denies" ba dutse ne ya yi magana ba, fadar shugaban ƙasa ake nufi, kamar yadda ake cewa White House a Amurka. Kiran abu da sunan wani abin da ke da alaƙa da shi kenan, metonymy.

Wata uwa, tsohuwar malamar firamare:
Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara kan batun kwatanta da Hausa. Yana aiki ga adon harshe, amma ban da idiom. "Kick the bucket" mutuwa yake nufi, ba ruwansa da bokiti, "a piece of cake" kuwa abu mai sauƙi. Bature ma in ya ji "ya sha iska" ko "ta ci amana" ya bi kalma-kalma, zai ɓata. Waɗannan dunƙule ake koyonsu, kuma ƙamus irin Oxford Advanced Learner's yana jera su a ƙarƙashin babbar kalmar. Ki riƙa rubuta cikakkiyar jimlar da kika tsince su a ciki, 'yata, ba su kaɗai ba.

Ɗalibar:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Malam, na gwada hanyarka a kan "deafening silence". Shiru ba ya kurmantar da mutum, amma ban ga kamantawa ba. Paradox ne?

Malamin Turanci:
Kin kusa. Kalmomi biyu masu karo da juna, kafaɗa da kafaɗa, oxymoron ne, kamar "open secret". Paradox cikakkiyar magana ce da za ki ji kamar ta ci karo da kanta, sai kin nutsu ki ga gaskiyarta, kamar "less is more". Ki nemo tambayoyin WAEC na shekarun baya, ki ciro irin waɗannan jimloli goma, ki turo amsoshinki nan ranar Asabar in duba miki.