Yara sun ce "na ɗaya" suke so, ta ina zan fara sa musu ma'auni?

Malamin Wasanni, Kawo:
Assalamu alaikum masu horarwa. Akwai yaran sakandare 'yan shekara 15 zuwa 17 masu gudun mita 400, da wasu 'yan ƙwallo. Saura mako 12 a yi gasar makarantu. Duk wanda aka tambaya abin da yake nema sai ya ce ya zo na ɗaya, amma ana yin mako uku sai jiki ya yi sanyi, a fara fashin atisaye. Yaya ake tsara musu abin da za su sa a gaba?

Koci, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam Malam. Zuwa na ɗaya ba a hannun yaro yake ba, ya danganta da wanda aka jera shi da shi ranar. Ka bar masa burinsa, amma ka ba shi lambar da ƙafarsa kaɗai za ta biya.

Fara da awo. Ya yi mita 400 sau biyu, da tazarar kwana uku, ka ɗauki matsakaici. A ce ya ba ka sakan 58.0. A mako 12, yaron da bai daɗe da fara atisaye mai tsari ba, yana iya neman 56.5. Kada ka rubuta masa 52, mako na huɗu zai gane ba ta yiwuwa ya daina zuwa. Kada kuma ka ce 57.8, wannan ko da barci mai kyau zai same ta. Masu bincike Edwin Locke da Gary Latham sun daɗe da nuna cewa manufa takamaimiya mai ɗan wuya ta fi "yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki.

Sai ka yanka ta: 57.6 a mako na 4, 57.0 a mako na 8. Ka kuma raba gudun kansa gida biyu, mita 200 na farko a 27.5, na biyu a 29.0. Nan yaranmu suka fi faɗuwa. Su fita da wuta a 26 saboda ihun 'yan kallo, ƙafa ta yi nauyi a kwanar ƙarshe, su ƙarasa a 33. Abin da zai riƙe kullum shi ne aikin mako: fita huɗu, ɗaya daga ciki mita 200 sau shida a kan sakan 31 da hutun minti uku. Kwana goman ƙarshe ka rage yawan gudun kusan rabi, saurin ya tsaya yadda yake.

Alƙalin Tsere, Barnawa:
Koci ya yi daidai, sai dai lambar ba ta da amfani idan awon ya karkace, kuma wannan na damuna ƙwarai. Filayen makarantu da yawa da ake kira 400 ba su kai ba. A sa tef a auna, ko a kai yaran filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ranar gwaji. Ko a can ma layi na ɗaya ne 400, zagaye a layi na biyu ya fi shi da kusan mita 7 idan an tashi daga wuri guda. Mutum ɗaya ya riƙa riƙe agogo, ya danna da ganin saukar hannun mai sallama, ba da jin usur ba. Agogon hannu yana yi wa ɗan tsere alfarma: bisa al'ada ana ƙara sakan 0.24 a mita 100 da 200, da 0.14 a mita 400, kafin a kwatanta da na lantarki. Lokacin gwaji ma kada ya canja. Gudun ƙarfe bakwai na safe da na ukun rana a watan Maris ba ɗaya ba ne.

Malamin Wasanni, Kawo:
Na gode. 'Yan ƙwallon fa? Ɗan gaba ya ce ƙwallo goma zai ci.

Koci, Tudun Wada:
Ƙwallo goma sai an ba shi fasin. Ka sa masa abin da zai yi shi kaɗai: bugu 20 da ƙafar da ba ta saba ba, daga mita 15, zuwa tsakanin duwatsu biyu masu tazarar mita ɗaya. In yau 7 suka shiga, a nemi 12 a mako shida. Don numfashi kuma gwajin Cooper, gudun minti 12 a ƙirga nisa. Zagaye bakwai mita 2,800 ke nan, a nemi ƙarin rabin zagaye a mako takwas. Abu biyu sun ishi yaro ɗaya. In ka jera masa shida, ba wanda zai tuna.

Mai Gashin Ƙashi, Unguwar Rimi:
Ina da ja kaɗan, Koci. A wannan shekarun a rubuta lamba da fensir. Yaron da ke cikin saurin tsawo yakan yi wata biyu lokacinsa bai motsa ba, ko ma ya koma baya, ba lalaci ba ne. Ku auna tsayinsa duk wata. Idan ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a gaban ƙwauri, a dakatar da tsalle da gudun sauri a duba shi, manufar ta jira.

Ku kuma dubi kalanda kafin ku yanka makonnin. In azumi ya faɗo ciki, manufar watan ita ce kada a yi asarar abin da aka tara, atisaye mai nauyi ya koma bayan shan ruwa. Da ƙurar hunturu, mai asma kada a gwada shi da sanyin asuba. A bazara a hau sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, a sha ruwa kimanin lita ɗaya da rabi. Wanda ya zubar da kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 1.2 ga mai kilo 60, kada ku rubuta gudunsa na ranar a littafin gwaji, ku sake auna shi bayan kwana biyu.