Neman kalmar Hausa: "pixel", "resolution" da "interpolation" a darasin wanke babban hoto

Mai koyarwa: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan koya wa matasa yadda ake wanke babban hoto mai kyau daga tsohuwar kyamara mai megafiksel 2, kuma dole takardar darasin ta isa wurin bugawa gobe da yamma. Kalmomi uku sun tsaya mini: "pixel", "resolution" da "interpolation". Ta biyun na fassara ta da "ingancin hoto", amma raina bai kwanta ba.

Mai shagon hoto: Wa alaikumus salam, Malama. Inganci ya yi faɗi, domin kyamarar zamani ma tana fitar da hoto dishi-dishi idan hannu ya girgiza. Shi "pixel", wato ɗan ƙaramin gurbin launi da ake jerawa su zama hoto, ni "ƙwayar hoto" nake ce masa. Kyamararku tana ba da ƙwaya 1600 a kwance, 1200 a tsaye, jimla kusan miliyan biyu, wato megafiksel 2. Idan aka zuba 300 a kowane inci, hoton zai tsaya a inci 5 da ɗoriya da inci 4, amma idan aka sassauta zuwa 150 zai kusa cika takardar A4, kuma wanda ya rataye shi a bango ya ja da baya ba zai ga aibu ba. Abu biyu ke nan Turanci ya haɗa a kalma ɗaya, "resolution": adadin da kyamara ta kama, da yadda aka matse shi a takarda.

Tsohon mai fassara: Ƙwaya a gaban matasa? Kowa ya san inda hankalinsu zai tafi. Hausa tana da abin da ya fi wannan. Duk wanda ya taɓa sayen hula ya san bambancin mai matsattsen ɗinki da mai sako-sako, saboda haka na daɗe ina ba da shawarar "saƙar hoto" a madadin "resolution". Kuma wannan "megafiksel" da kuke rubutawa, Turanci ne aka sa masa babbar riga.

Mai shagon hoto: Allah ya ƙara girma, Baba, amma yaro zai ɗauki kyamarar ya ga MP rubuce a jikinta. Idan ba mu ba shi kalmar da zai haɗa da wannan rubutu ba, mun bar shi a duhu. Muna cewa ƙwayar ido da ƙwayar hatsi, ba wanda ya taɓa tsarguwa.

Ɗalibar Hausa: Me zai hana a ce "ɗigo"?

Mai shagon hoto: Ɗigo na tawada ne. Firinta tana fesa ɗigo da yawa kafin ta fitar da launin ƙwaya guda, don haka a bar mata kalmarta.

Ɗan jarida daga Damagaram: Rabuwar da ake magana a kai tana nan a Faransanci: "définition" ga adadi, "résolution" ga matsi. Ina goyon bayan "yawan ƙwaya" da "matsin ƙwaya". Sai dai ku tuna cewa mu da santimita muke awo, kuma sau da yawa ana yanke kalma a Kano a ce ta Hausa ce gaba ɗaya, ba a tambaye mu ba.

Tsohon mai fassara: Wannan ƙorafi ya girme ka, ɗana. Ni damuwata ita ce ranar da za a buɗe takardar Hausa a tarar rabinta aro ne. "Saƙar hoto" ta ɗauke duka ma'anonin biyu ba tare da an roƙi kowa ba.

Ɗalibar Hausa: Ai nan matsalar take, Baba, tunda raba su ake son yi.

Mai koyarwa: Don Allah a taimaka mini da ta ukun, lokaci yana tafiya.

Mai shagon hoto: Idan aka faɗaɗa hoto a Photoshop, manhajar tana duba ƙwayoyin da ke maƙwabtaka ta ƙiyasta launin da za ta cusa a tsakaninsu. Wannan yana hana hoton fashewa gida-gida, amma ba ya dawo da zaren rigar da kyamara ba ta kama ba tun farko. Ni da zan bi son raina "algus" zan kira shi, kamar ruwa a nono, sai dai a takardar darasi "cikon ƙiyasi" ya fi dacewa.

Mai koyarwa: Na gode. Zan rubuta "ƙwayar hoto", "yawan ƙwaya", "matsin ƙwaya" da "cikon ƙiyasi", in bar megafiksel yadda take, in bayyana cewa ƙwaya miliyan ɗaya ce, in kuma sa awon santimita kusa da na inci. Misalin hular Baba da shi zan buɗe darasin.

Tsohon mai fassara: A ɗauki misalina a jefar da kalmata, to, na ji. Amma ban sa hannu a kan ƙwaya ba, kuma idan yaran suka yi dariya ranar Asabar, ki dawo ki faɗa mana.