An ce in sa hannu a cire giɓin kaya daga albashina, don Allah ku ba ni shawara

Ƙanwarku Mai Tambaya

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ƙulle. Ina aiki a reshen wani babban kantin kayan lantarki, irin kamfanin nan mai rassa barkatai. Ba zan kama suna ba. A wajen jera kaya na fara, daga baya aka mayar da ni kashiya saboda wadda ke wurin ta tafi haihuwa ba ta dawo ba, kuma ko sisi ba a ƙara min ba. Ɗaukar tawa ma ba kantin ne ya yi ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne, su ke biyanmu. Rigar aiki ta kantin ce, albashi na ejansi.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya dawo da dutsen guga, wai yana jonawa ya ji ƙaurin waya. Rasit ɗinsa ya koɗe, kun san irin takardar nan ta na'ura da rubutunta ke gogewa in ta sha zafi a aljihu. Na ce masa ƙa'ida ita ce kayan garanti a kai wa kamfanin da ya ƙera. Ya ce ya kira su, na'ura ce ke ta ce masa danna ɗaya, danna biyu, har katinsa ya ƙare. Ya fara buga tebur, layi ya yi tsawo a bayansa, kowa ya zuba min ido. Sufabaiza ya matso ya raɗa min a kunne: "Ba shi wani ya tafi." Na ba shi. Kwamfuta ba ta karɓar kayan da aka dawo da su sai da lambar manaja, shi kuma ba ya nan. Na tura lalataccen ƙarƙashin tebur, da yamma aka kai sito.

Yanzu an yi ƙidayar kaya an ce akwai giɓi. Manaja ya ce za a raba a kan duk 'yan zangonmu, wato mu da muke shiga aiki lokaci ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashi har na wasu watanni. Ya kawo takarda wai mu sa hannu mun amince, zuwa Litinin. Ni ke riƙe da ƙannena. In sa ko kar in sa?

Uwar Biyu

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya kawo miki mafita. Ni da na karanta sai ƙafafuna suka fara min ciwo, don na tuna nawa zaman. Tsaye tun safe har dare, ga kujera a bayan kanta amma haramun ce, wai kwastoma zai ga kamar ba a shirye kike ba. Ina da ciki haka na riƙa tsayuwa, har jijiyoyin ƙafata suka fito ruɗu-ruɗu. Ranar da na ajiye aikin ko sannu ba wanda ya ce min, rigarsu kawai suka tambaya.

Tsohon Manaja

'Yata, ni na riƙe reshe, na san abin da ke cikin tukunyar, don haka ki saurara. Giɓi ta ƙofa huɗu yake shigowa: satar 'yan waje, satar 'yan ciki, kuskuren shigar da lissafi, da kuma kayan da dila ya kawo ba su cika ba aka sa hannu ba a ƙirga ba. Hedikwata ba ruwanta da wace ƙofa ce. Lamba ɗaya take kallo, giɓin reshe a kan cinikinsa. In ya haura abin da suka yanka, alawus ɗin manaja ya tafi, ga takardar tuhuma a kansa. Shi ya sa yake gangaro da abin kanku. Ba mugunta ba ce, shi ma daga sama ake danna shi.

Ki sa hannu. Ki sa, ki yi shiru, ki nemi wani aikin a ɓoye. Ke ma'aikaciyar ejansi ce, ba sai sun kore ki ba. Waya ɗaya zai buga ya ce a canzo masa wata, shi ke nan, babu takardar sallama, babu komai. Kuma kul kika kai ƙara hedikwata. Duk wasiƙar da ta je can, teburin manajanki take dawowa da "yi bayani" a samanta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ɗan Ƙungiya

Baba, da girmanka, amma wannan shawarar ita ce ta sa suke cin karensu babu babbaka. 'Yar'uwa, kar ki sa hannu. Tambayi kanki: in da suna da ikon cirewa kai tsaye, me zai sa su bi ku da takarda? Sa hannun naki suke buƙata. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya ta 95 ta shekarar 1949 a kan kare albashi. Sashe na 8 ya ce ba a yanke albashi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ma'aikata da masu aiki, ko hukuncin sasanci suka tanada, kuma dole a sanar da ma'aikaci. Tana hawa kan ƙasashen da suka rattaba hannu ne, don haka ki duba dokar ƙwadago ta inda kike. Ki nemi abu uku a rubuce: jerin kayan da suka ɓata, ranar ƙidayar da ta gabaci wannan, da inda kwantiraginki ya ce giɓin sito yana wuyanki. Af, me kwantiragin naki ma ya ce?

Ƙanwarku Mai Tambaya

Na gode Yaya. Kwantiragin yana wajen ejansi, mun sa hannu sun karɓe, sun ce za su aiko da kwafi. Baba, maganar hedikwata kuma ai na riga na tura imel tun ranar da aka kawo takardar. Ba zan zauna a ɗora min sata ba. Amsar da ta zo ta na'ura ce, wai sun karɓi koke na, ga lamba.

Tsohon Manaja

Kin riga kin tura? To me ya sa ba ki faɗa ba tun farko? Inna lillahi. Yanzu haka yana gaban manajanki. Gobe ki riga kowa zuwa, ki same shi shi kaɗai, ki ce ɓacin rai ne. Kuma bari in tambaye ki abin da odita zai fara tambaya: akwai wanda ya san lambar sirrinki ta kwamfuta?

Ƙanwarku Mai Tambaya

Baba, kowa ya san ta kowa a wurinmu. In zan je salla ko banɗaki ba a rufe kanta, wata ce ke tsaya min, kuma kafin ta fita daga tawa ta shiga tata layi ya kai ƙofa, a zo ana mana faɗa. Manajan da kansa ya ce mu riƙa yin haka. Mu biyu ne a wurin da ya kamata a ce mu huɗu ne. Ban ga laifina a nan ba.

Tsohon Manaja

Ya faɗa da baki. A rubuce fa? Littafin ƙa'idarsu cewa ya yi duk abin da aka yi da lambarki ke kika yi. Haka maganar dutsen guga: sufabaiza ya raɗa miki, kyamara kuma hannunki ta ɗauka yana miƙa sabon kaya babu rasit. Yawancin kyamarorin nan hoto suke ɗauka, ba sa ɗaukar raɗa. Kuma ba a ajiye hoton har abada, na'urar tana goge tsoho ta ɗora sabo. Kin ga dalilin da ya sa na ce ki sa hannu?

Mai Ƙaramin Shago

Ni dai manyan kamfanonin nan na sallama musu. Ku da ke ciki kuna kuka, mu da ke saro kayansu kuka muke. Za su ce sai ka ɗauki wanda ba ya tafiya kafin su ba ka wanda ake nema. Ka cika tagat, ladan da suka yi alkawari sai a ce an mayar da shi kaya, kayan kuma waɗanda suka kusa lalacewa. Katan ya zo a fashe, direba ya ce ba shi ba ne, wakilin ciniki ya ce ka ɗauki hoto ka turo, ka turo, a canza wakilin, sabon ya ce bai san zancen ba. Ƙanwata, ki tara ɗan jari ki kama naki, ko tebur ne. Aikin wani ba ya ƙare wa mutum da daɗi.

Uwar Biyu

Malam, da wane albashin za ta tara jarin, wanda ake shirin yankewa?

Ɗan Ƙungiya

Baba yana magana kamar ba a taɓa kayar da su ba. Anti Uwar Biyu, maganar kujerarki ma an yi shari'a a kanta. A 2018 Walmart, wani babban kamfanin kantuna na Amurka, ya amince ya biya dala miliyan 65 don sasanta ƙarar da masu karɓar kuɗinsa suka shigar a jihar Kalifoniya ta Amurka saboda hana su wurin zama. A 2022 ma'aikatan wani rumbun Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, a birnin New York suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiya suka ci. Su ma da tsoron kora suka fara. 'Yar'uwa, ku nawa ne a zangon? In dukanku kuka ƙi sa hannu, ba zai canza ku gaba ɗaya rana ɗaya ba, wa zai tsaya masa a kanta?

Tsohon Manaja

Ɗana, ƙarasa labarin mana. Shekara biyu bayan waccan ƙuri'ar ta Amazon ba a ƙulla yarjejeniyar albashi ba, ana ta jan ƙafa a gaban hukuma. Ita kuma ta Walmart shekaru aka kwashe ana shari'a, da lauyoyi masu zaman kansu. Wannan yarinyar Litinin aka ba ta. Kai za ka ciyar mata da ƙanne kafin a gama? Na ga irinku da yawa, ku zuga yaro ya tsaya, ranar da aka sallame shi wayarku a kashe. Kuma in gaya maka, a cikin 'yan zangon nan akwai wanda ya riga ya sa hannu. Kullum akwai.

Ƙanwarku Mai Tambaya

Gaskiya ne, biyu sun sa. Ɗaya ma ƙawata ce, wadda ke tsaya min ɗin. Amma ni ba zan je in ba manaja haƙuri ba, Baba, me na yi masa? Kuma Yaya, ba zan iya tara mutane ba, ni ce ƙarama a cikinsu, za a ce ni ce mai zuga. Na kira ejansi sun ce wannan tsakanina da kanti ne. Na tambayi mai kula da ma'aikata na kanti ta ce ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, in koma wa ejansi.

Mai Lissafi

Ni ta wani ɓangaren zan zo. Dutsen guga ɗaya ba zai kawo giɓin da za a yanki kwatan albashin mutum da yawa na watanni ba. Akwai wani abu babba da ya ɓata, ko kuma kaya ne aka tura wani reshe ba a shigar ba, wannan yana yawan faruwa. Lalataccen da kika ce an kai sito, yana can? In yana nan, naki lissafin ya tashi: ɗaya ya fita, ɗaya ya shigo, shigarwa ce kawai ba a yi ba. Ki je ki ɗauki hotonsa da lambar jikinsa. In kuma dole sai kin sa hannu, ki rubuta a saman sa hannun cewa kin ga takardar amma ba ki amince da cirewar ba, ki sa kwanan wata, ki ɗauki hoto.

Ɗan Ƙungiya

A'a Malam, kar alƙalaminta ya taɓa takardar sam. Gobe za su ce ga sa hannunta.

Tsohon Manaja

In ta rubuta haka zai yage ya buga wata. Na yi, na sani.

Ƙanwarku Mai Tambaya

Malam, ba a barin kashiya ta shiga sito, kuma wayoyinmu a loka suke har mu tashi. Na tambayi mai sito ya ce bai tuna ba. Sufabaizan kuma tun da aka fara maganar nan ko kallona ba ya yi. Amma ni har yanzu ina ganin in hedikwata ta karanta imel ɗina za su gane, don na yi bayani dalla-dalla, har sunan sufabaizan na sa.

Uwar Biyu

Har sunansa? Kai, ƙanwata. To Allah ya sa a dace. Ki yawaita addu'a, ki kuma faɗa wa manya a gida tun kafin abin ya zo musu ba shiri.

Tsohon Manaja

Shi ke nan, yanzu maƙiyanki biyu ne a reshe ɗaya. Ni dai na faɗi nawa.

Ƙanwarku Mai Tambaya

To wai in ban sa ba kuma suka cire, wa zan kai ƙara, kantin ko ejansin?

Sabon Shiga

Salam. Anti don Allah ejansin naku suna ɗaukar mutane yanzu? Na gama makaranta ina zaune, ko jera kaya ne zan yi.