Waƙa ce ta dawo da Sarkin Ingila, ko rundunar Monck?

Malam Habu: Jama'a, ina nan a kan bakana: waƙoƙin titi ne suka dawo da sarauta Ingila a 1660. An sare kan Sarki Charles na ɗaya a 1649 bayan yaƙin basasa tsakaninsa da majalisa, amma waƙar Martin Parker ta 1643, mai cewa ba zaman lafiya sai ran da sarki ya karɓi abinsa, ba ta bar bakin mutane ba. Falle ɗaya ake bugawa, kwabo ɗaya kuɗinta, mai talla na rerawa a kasuwa.

Binta: Allah gafarta Malam, shekara 17 ana rera ta, me ya hana ta aiki tun farko? Sai da Oliver Cromwell, wanda ya mulki ƙasar bayan kashe sarki, ya mutu a 1658, ɗansa Richard ya kasa riƙe sojoji, sannan Janar Monck ya taso da rundunarsa daga Sukotland ya buɗe hanyar sabuwar majalisa. Ita ta gayyato Charles na biyu, ɗan sarkin da aka kashe, ya shiga Landan ranar 29 ga Mayu.

Malam Habu: To wa ya gyara wa Monck zukatan jama'a?

Lawal: Yunwa da haraji, Malam. Kuma masu buga waƙoƙin 'yan kasuwa ne, inda ciniki ya karkata nan suke bi. Ni waƙoƙin da suka biyo bayan dawowar sarki ne suka fi ba ni tausayi, na tsofaffin sojojinsa. Mutum ya sayar da gonarsa don biyan tarar da majalisa ta ɗora masa saboda goyon bayan sarki, sarki ya dawo, filayen fada da na coci suka koma hannun masu su, shi kuwa aka ce da hannunsa ya sayar. Ya je fadar Whitehall, ya tarar da baƙin fuskoki sun cika zaure. Shi ya sa suka riƙa cewa dokar afuwa ta 1660 ta yafe wa maƙiyan sarki, ta manta da masoyansa.

Malam Habu: Yauwa! Ai wannan kukan ne ya sa majalisa ta ware musu fam 60,000 a 1662. Ka ga waƙa ta yi aiki ke nan.

Binta: Hafsoshi sama da 5,000 suka nemi kason nan, Malam. A raba daidai, kowa bai kai fam 12 ba. Ƙananan sojoji kuwa ba sa ma cikin lissafin.