Neman kalma: me za mu kira milkman na Ingila, da motarsa, da madararsa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Akwai shirin rediyo da za a naɗa ranar Alhamis a kan yadda ake kai wa mutanen Ingila madara har ƙofar gida a da, da yadda tsofaffinsu ke kewar abin. Kalmomi huɗu sun tsaya mini: milkman, milk float, pasteurised, da top of the milk. Masu sauraro har da na karkara, saboda haka ina son abin da kunne zai kama tashi ɗaya. Ku taimaka.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Mai madara mana, Hajiya. Kamar mai shayi, mai gawayi, mai ruwa.

Uwar Biyu: Mai madara ya yi faɗi. Mai kanti ma da ke sayar da ta gwangwani mai madara ne. Kuma kada wani ya ce mai nono. Da jin mai nono Bahaushe zai hango Bafulatana da ƙwarya da faifai da ludayi, ga shi kuma nono wanda ya yi barci ne, alhali abin da ake kai wa Turawa madara ce sabuwa da ba ta yi tsami ba.

Bazazzagi: Kafin a raɗa suna a san aikin. Mutumin nan ba talla yake yi ba. Ba ya kiran mai saye, ba a taya masa, galibi ma mai gida na barci zai zo ya wuce. Tun kafin asuba yake zuwa ma'ajiyar kamfani ya loda kiret-kiret, kowane kiret kwalba 20. Yana da unguwannin da aka yanka masa, ɗaruruwan gidaje, da littafin da ya rubuta abin da kowane gida ke karɓa: wannan kwalba biyu kullum, wancan uku amma ban da Lahadi. Zai ajiye cikakku a dokin ƙofa, ya ɗauki wofin jiya da uwar gida ta ɗauraye ta fitar. In ana son ƙari ko za a yi tafiya, sai a rubuta 'yar takarda a naɗe a cusa a bakin kwalbar wofi. Kuɗi kuwa sai ƙarshen mako, Juma'a ko Asabar, ya zagayo da jakarsa ya karɓa. To kalmar da za a zaɓa ta nuna cewa yarjejeniya ce tsayayya, ta amana, ba ciniki na tsayuwa a hanya ba. Wannan ya fitar da ɗan tallan madara. Ni dai na ce mai kai madara gida-gida.

Ɗan Birni: Mai rabon madara fa? Ya fi gajarta.

Bazazzagi: Rabo zai sa a ɗauka kyauta ce, kamar rabon zakka ko rabon taki. Kuma za ta ci karo da wani abu da ƙila yana cikin shirin: daga 1946 gwamnatin Birtaniya tana ba 'yan makaranta madara kyauta, sulusin kwalba kowace rana, har aka janye ta daga sakandare a 1968, sannan a 1971 Margaret Thatcher tana ministar ilimi ta janye ta daga yaran da suka haura shekara bakwai. Wannan shi ne rabon madara. A bar masa kalmar.

Malam Nahawu: Duk abin da kuka kawo jimloli ne, ba kalmomi ba. Bature ya faɗi abu da kalma ɗaya, mu kuma mu jero huɗu, sannan mu ce harshenmu ya bunƙasa? Hausa tana da hanyarta. Daga ƙarya aka sami ƙaryata aka sami maƙaryaci. Daga tsoro, tsorata, matsoraci. To daga madara a sami madarta, a sami mamadarci, mace mamadarciya, jam'i mamadarta. Sana'ar kuma madarci. Ya zauna daidai da mahauci da masunci da maƙeri. Ki sa ta, Hajiya, rediyo ce ke raya kalma.

Uwar Biyu: Malam, Allah ya ƙara sani, ginin ya bi ƙa'ida, amma ma'anar ta karkace. Tsorata shi ne sa wa mutum tsoro. Madarta zai zama mayar da abu madara ko zuba masa madara. Kai kaya ƙofar gida bai fito ba ko kaɗan. Sannan a iska kalma sau ɗaya take wucewa. Tsohuwa a ƙauye ta ji mamadarci za ta ɗauka maɗaci aka ce.

Malam Nahawu: Haka aka ce da jirgin sama da gidan waya da na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin kunne ya saba. In kowace sabuwar kalma sai tsohuwa ta santa tun da, ba za a taɓa ƙirƙirar komai ba. Raina kai ne ke damunmu.

Bazazzagi: Ranka ya daɗe, misalan nan naka ai hujjarmu ce. Jirgin sama da gidan waya duk kalmomi biyu ne sanannu aka haɗa, shi ya sa suka kama. Ita ma ta Turancin haɗi ce, madara da mutum. Babu wani ƙasƙanci a cikin "mai".

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Ku tuna mu ma a Nijar muna sauraro. Duk lokacin da aka zauna zaɓen kalma sai a yanke da kunnen Kano kaɗai, a aro daga Ingilishi a ce ita ce daidaitacciya. Mu da muka yi makarantar Faransanci, kiret da kuke faɗi ba kowa zai gane ta ba a nan. Ku ce akwatin kwalabe kowa ya huta. Mai kawo madara kuwa daga Damagaram har Kumasi babu wanda zai tambayi ma'anarta.

Ɗan Birni: Yaya, ba wanda ya ce Kano ce ta haifi Hausa. Amma kiret ta zauna a bakin duk mai sayar da lemo.

Ɗan Maraɗi: Mai sayar da lemo na ina? Maganar ke nan.

Mai Fassara: Don Allah malamai, lokaci. Na karɓi akwatin kwalabe. Motar fa?

Bakanike: Motar ba ta shan mai. Batir ne manya, irin na dalma da ruwan batir, a jere ƙarƙashin dandamalin kaya, ana sa su caji a ma'ajiya bayan an dawo aiki. An zaɓe ta don dalili biyu: ba ta ƙara, ba ta tada masu barci, kuma aikin tsayawa da tashi ne kowane taku kaɗan, wanda ke cinye man injin fetur da kulocinsa. Gudunta bai wuce kamar kilomita 25 zuwa 30 a awa ba, kuma nauyin batir na sa ta jan jiki a hawa. Tana da rufi amma gefunanta a buɗe suke don a zaro kwalba ba tare da buɗe ƙofa ba, wasu ma ƙafa uku gare su. Kafin ta, keken doki ne da amalanken turawa. Abin da mutane ke ji da asuba ƙarar kwalabe ce suna gugar juna, da ɗan kukan motar lantarki. Kada a ce a-kori-kura, za a hango hayaƙi da gudu. Motar madara mai batir ta wadatar, daga baya a riƙa cewa motar madara kawai.

Malam Nahawu: Mota aro, batir aro. Saura me na Hausa? Amalanken lantarki ya fi.

Bakanike: Malam, lantarki ma aro ce. Kuma amalanke turawa ake yi, wannan kuwa tuƙa ta ake yi.

Likitan Dabbobi: Ta ukun, wato pasteurised, ita ce mai haɗari, don in aka yi kuskure an koyar da abin da zai cutar. Kada a ce tafasasshiya. Ba a tafasa ta. Hanya biyu ce: ko a kai zafinta digiri 63 a riƙe ta a nan minti 30, ko a kai ta digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan nan take a sanyaya ta. Wannan zafin ya isa ya kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari kuma yake kama mutum ta madara, amma bai kashe komai da komai ba, shi ya sa dole ta zauna a sanyi kuma kwana kaɗan take yi ta tsinke. In aka tafasa ta ɗanɗanon ya sauya, ta yi yana a sama. Akwai kuma wadda ake kaiwa digiri 135 na 'yan daƙiƙoƙi a rufe a kwali, mai yin watanni ba firji. Wannan daban ce, kada a haɗa su a kalma ɗaya. Sunan ya fito daga Louis Pasteur na Faransa, wanda ya fara gwada hanyar a kan ruwan inabi a shekarun 1860.

Uwar Biyu: Sulala fa, Likita? Mata sun san sulala nama: a ba shi wuta kaɗan don kada ya lalace, ba dahuwa ba. Sulalalliyar madara.

Likitan Dabbobi: Ta fi tafasa dacewa, nesa ba kusa ba. Matsalarta ɗaya, sulala ba ta da ma'auni. Wata za ta ɗora madara ta yi ɗumi ta sauke ta ce ta sulala, alhali ɗumi kaɗan ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfi yake yi. In za a yi amfani da ita, a karon farko a faɗi digiri da lokaci da sanyayawar.

Ɗan Birni: A ce fasturawa a wuce wurin. Madarar da aka fastura.

Malam Nahawu: Subhanallahi. An ƙi mamadarci da aka gina da tubalin gida, za a karɓi sunan Bafaranshe a mayar da shi aikatau. Wannan ne abin da nake faɗa.

Likitan Dabbobi: A nan ina tare da Malam, fasturawa ba ta gaya wa makiyayi komai.

Uwar Biyu: Ta huɗun kuwa, top of the milk, muna da ita tun kaka da kakanni: afarari, man da ke tasowa saman madara in ta zauna. A kwalbar da, yana taruwa a wuya, ana ganinsa ta gilashi ya fi na ƙasa kauri da rawaya, yara na rige-rigen samunsa a kan abin karin kumallo. Wanda ba ya so ya jijjiga kwalbar kafin ya danna murfin da babban yatsa. Ga wanda bai san afarari ba sai a ce man saman madara. Amma kada a ce man shanu, shi sai an kaɗa aka tara shi.

Bazazzagi: Tunda an zo nan, Hajiya za ta ci karo da launin murfi, domin da shi ake gane madarar. Murfin fallen alminiyom ne siriri da ake matsawa a bakin kwalba. Mai ruwan azurfa ita ce cikakkiya da ba a taɓa manta ba, kusan kashi uku da rabi cikin ɗari mai ne. Mai ruwan zinare ta shanun Jersey da Guernsey ce, manta ya kai wajen kashi biyar, ita ce mai tsada. Kore ita ce ɗanya da ba ta ga wuta ba. Ja kuwa cikakkiya ce amma an tura ta da ƙarfi ta wata matsattsiyar kafa har man ya farfashe ya bi jikinta, ba ya ƙara tasowa. Mai ratsin ja da azurfa an rage mata mai. Kada a kira wadda aka yaɗe wa mai tsala, don tsala mai tsami ce. Kwalbar kuma mililita 568 take ci, ma'aunin da suke kira pint, ki ce ta ɗan haura rabin lita. Pint na Amurka ya fi ƙanƙanta, mililita 473, kada a ruɗe.

Ɗan Birni: Mai jan murfin a ce burgaggiya, daga maburgi.

Uwar Biyu: A'a ƙanena. Kaɗawa da burgawa a wurinmu suna taimaka wa mai ya haɗu ya fito, wannan kuwa hana shi fitowa ake yi. A ce wadda aka narkar da manta a ciki.

Likitan Dabbobi: Narkewa ba daidai ba ce a ilmance, farfasa shi ake yi, amma kunne zai gane. Sai kuma abubuwan da ke ɓata madara a dokin ƙofa, in shirin ya taɓo su. Rana: kwalbar gilashi ce fara, hasken rana na 'yan awoyi yana lalata sinadarin bitamin B2 ya kuma sauya ɗanɗano. Sanyi: in ta daskare sai ta kumbura, afararin ya tura murfin sama ya fito kamar kyandir. Sai tsuntsaye: wasu ƙanana masu shuɗin kai sun koyi huda murfin su sha afararin. An fara rubuta labarin haka a 1921 a Swaythling kusa da Southampton, daga nan ɗabi'ar ta bazu cikin ƙasar. Maganinsa a bar wa mai kawowa kofi ya kife a kan kowace kwalba. Wadda tsuntsu ya huda kuma zubarwa ake yi, bakinsa na iya sa mata ƙwayar cutar gudawa.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga da shi. A farkon ambato: mai kai madara gida-gida, da bayanin littafi da kwalaben wofi da biyan mako. Daga nan mai kawo madara. Motar madara mai batir. Afarari, tare da man saman madara sau ɗaya. Ta ukun zan ce madarar da aka sulala don kashe ƙwayoyin cuta, in faɗi digirin kamar yadda Likita ya ce, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba tukuna.

Ɗan Maraɗi: Afarari ma a tambayi masu sauraro na wannan gefen, wasu wuraren saman nono kawai suke cewa.

Malam Nahawu: Shirinki ne Hajiya, ki yi yadda kika ga dama. Afarari da sulala na yarda da su, na gida ne. Mai kawo madara kuwa bayani ne, ban karɓe shi a matsayin suna ba. Ranar da za a rubuta ƙamus ba za a sa jimla a gurbin kalma ba, kuma zan sake kawo mamadarci.

Bazazzagi: Ka kawo ta, Malam, a tattauna. Hajiya, ki duba ko rubutun ya ambaci churn, wato manyan tulunan ƙarfe da manoma ke ajiyewa a bakin hanya motar kamfani ta kwasa, waɗanda aka daina karɓar madara a cikinsu a 1979. In suna ciki, tulun madara za ki ce, kada ki bi ƙamus ki ce abin kaɗa nono.