Shin tef ɗin kinesiyo yana ƙara ƙarfin damƙa da na wuyan hannu?

Mai_ɗaga_ƙarfe:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan tef ɗin nan mai launi ne, mai miƙewa, da 'yan wasa ke liƙawa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ana cewa yana ƙara ƙarfin damƙa. Gaskiya ne? In haka ne, yaya ake liƙa shi, kuma yaya mutum zai gane ya yi aiki?

Malama_Fisiyo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga mai lafiyayyen hannu, ba ya ƙara ƙarfin a-zo-a-gani. Kenzo Kase na Japan ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970, duniya kuma ta san shi sosai a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Ra'ayinsa shi ne, in an liƙa daga tushen tsoka zuwa ƙarshenta sai ta ƙara kuzari, in an juya sai ta saki. Amma nazarin da aka yi a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama a kan masu lafiya, bai ga ƙarin ƙarfi mai ma'ana ba. Wani gwaji a Taiwan a 2010 ya nuna iyakar ƙarfin damƙa bai canza ba, sai dai mutanen sun fi iya daidaita yawan ƙarfin da suke matsawa da shi.

Dalilin a fili yake: tef a fata yake zaune, tsokokin da ke lanƙwasa yatsu kuwa suna can ciki. Abin da yake taɓawa jijiyoyin ji ne na fata. Inda zai iya yin amfani shi ne ga mai ciwo, kamar ciwon gefen waje na gwiwar hannu. Zafi ne ke hana irin wannan mutum matsawa, idan ya ragu sai ƙarfin da dama yake da shi ya fito.

Baban_Horo:
Malama ta faɗi gaskiya. Ga yadda ake liƙawa a bayan hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, inda tsokokin ɗaga wuyan hannu suke, domin su ne ke riƙe shi daram lokacin damƙa.

A wanke fata ta bushe, ba mai, ba zufa, a rage gashi. A auna tef mai faɗin santimita 5 daga tudun ƙashin gefen waje na gwiwar hannu zuwa bayan tafin hannu, a yanka ƙasa da haka kaɗan, a zagaye kusurwoyin da almakashi don kada riga ta ɗaga su. Santimita 4 zuwa 5 na farko a ɗora shi a kan tudun ƙashin nan ba ja ko kaɗan. Sai a miƙe gwiwar hannu, tafi na kallon ƙasa, a lanƙwasa wuyan hannu ƙasa don fata ta miƙe, a shimfiɗa tsakiyar da ja mai sauƙi, kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na iyakar miƙewarsa. Ƙarshen ma ba ja. A goga shi da tafi, domin ɗumi ne ke sa gam ɗin ya kama, a jira kamar minti 30 kafin motsa jiki ko wanka. Yakan kai kwana 3 zuwa 5.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne jan bakin tef ɗin, shi ke kawo bororo, ya sa fata ta yi ja. Kada kuma a naɗe wuyan hannu da shi zagaye da ƙarfi: yatsu za su kumbura ko su yi sanyi. Wajen cirewa a shafa mai, a bi kwanciyar gashi a hankali.

Malama_Fisiyo:
Sai batun aunawa, nan ne mutane ke ruɗar kansu. Ana amfani da na'urar auna damƙa irin ta Jamar: a zaune, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, a lanƙwashe digiri 90, babban yatsa na kallon sama, mariƙin na'urar a mataki na biyu. A matsa sau uku da hutun kamar minti ɗaya a tsakani, a ɗauki matsakaici. Wanda ya auna ba tef sannan ya sake da tef, sau da yawa na biyun kan fi, don kawai hannu ya saba da na'urar. A riƙa sauya wanda ake farawa da shi a ranaku daban-daban, a lokaci ɗaya na yini, a kuma gwada da filasta marar ja. Bambancin kilo ɗaya ko biyu ba hujja ba ne.

Yaya_Nas:
A kula, ba a liƙa shi kan rauni, ƙuraje, fata mai laushi irin ta tsofaffi, ko hannun da ake zargin jini ya daskare a jijiyarsa. In ƙaiƙayi ya tashi a cire nan take. Mai jin mutuwar babban yatsa, manuni da na tsakiya da dare, ko wanda abu ke suɓuce masa daga hannu, ya ga likita, domin wataƙila jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Don ƙarin ƙarfi kuwa, ɗan'uwa, lanƙwasa wuyan hannu sama da ƙasa da ƙaramin nauyi, sau 10 zuwa 15, zagaye uku, kwana biyu ko uku a mako, kana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Ka sake aunawa bayan mako 6 zuwa 8.