Ba su karanta masa haƙƙinsa ba, wai shari'a ta mutu?

Baba Direba: Salamu alaikum jama'ar unguwar Bronx ta birnin New York. Daren jiya 'yan sanda suka tare ɗan ƙanena a mota, suka sa masa ankwa, har ofis ba wanda ya karanta masa maganar nan ta cewa yana da ikon yin shiru. Na ce wa uwarsa ta share hawayenta. A Amurka in ba su karanta ba, magana ta mutu.

Hajiya Mai Shago: Wa alaikumus salam. Ni ma tun zuwana haka nake ji.

Ɗalibar Lauya: Baba ku yi haƙuri, ba haka abin yake ba. Gargaɗin nan ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1966, a shari'ar Miranda da jihar Arizona. Ba ya wajaba sai abu biyu sun haɗu: mutum yana tsare, kuma ana yi masa tambayoyi. In sun tsallake shi, abin da ya faɗa ne kawai alƙali zai ƙi karɓa. Shaidu da abin da kyamara ta ɗauka suna nan daram. Shi kansa Ernesto Miranda, bayan an soke hukuncinsa, an sake yi masa shari'a a 1967, aka sake ɗaure shi.

Baba Direba: 'Yata, mai sunan ma bai tsira ba?

Yaya Na Harlem: Ai na sha faɗa muku, haƙƙin nan a takarda ya tsaya. A 2022 kotun nan ɗaya ta ce ba za ka iya kai ƙarar ɗan sanda neman diyya don bai karanta maka ba. To me ya rage?

Ɗalibar Lauya: Wannan gaskiya ne Yaya, amma ba a takarda ya tsaya ba, mu ne ba mu iya riƙe shi ba. A wata shari'a ta 2010, wani mutum a Michigan ya yi kusan awa uku da ƙyar yake tankawa. Can wani ɗan sanda ya tambaye shi ko yana roƙon Allah gafara kan harbin da ya yi, ya ce eh. Kalmar nan ta shiga kotu, alƙalai 5 suka rinjayi 4 cewa yin gum bai isa ba. Sai ka buɗe baki ka ce ba za ka yi magana ba, lauya kake so.

Yaya Na Harlem: Sai ka yi magana kafin a yarda ka yi shiru. Ikon Allah.

Baba Direba: Wayarsa ma tana hannunsu.

Ɗalibar Lauya: Karɓa daban, buɗewa daban. Tun 2014 ba sa buɗe ta sai da takardar izinin alƙali, sai fa in shi ya amince musu ko akwai halin gaggawa. Lauya kuwa in babu hali gwamnati za ta ba shi kyauta a shari'ar laifi. Kotun shige da fice babu wannan haƙƙin. Don Allah kada kowa ya rubuta zancen takardun yaron a nan.

Baba Direba: Yanzu uwarsa ta dawo daga ganinsa. Wai tun a mota ya shiga ba su labarin inda ya fito da wanda suke tare, ba ma tambayarsa suka yi ba.

Ɗalibar Lauya: Kash. Abin da ya faɗa don kansa yana shiga kotu, ko an karanta ko ba a karanta ba. Baba ku ce masa ya kama bakinsa sai lauya ya zo, ko a wayar gidan yari, ana naɗar ta.